Ina Labarin Leburan Sharaɗa? Martani Ga Masu Cewa Kada Mu Karanta Yahudawa

Malam Edita, muna roƙon ka ba mu fili a wannan mujalla tamu mai farin jini domin mu amayar da abin da ya tsaya mana a maƙoshi tun zaman karatun da ƙungiyarmu ta yi a watannin baya. Waɗanda suka halarta za su tuna cewa mun miƙe mun kawo shawarar a riƙa ware rabin awa a kowane zama ana fassara gajeren labari na wata al'umma ana tattauna shi, muka kuma ba da misali da wani labari na Bernard Malamud, marubuci Bayahude ɗan Amurka. Ba mu rufe baki ba sai wani ɗan'uwa da muke ganin girmansa ƙwarai ya tashi ya ce a'uzu billahi, marubutan duniya sun ƙare ne da za a kawo mana Bayahude? Aka yi sowa, aka yi dariya, shugaban zama ya ce a wuce batu na gaba. Mun yi shiru a ranar domin mun ga hayaniya ta fi sauraro yawa. Yau ga amsarmu a rubuce, wanda bai gamsu ba kuwa, tawada ba ta ƙare ba, sai ya ɗauki alƙalami.

Abin da ya sa muka kawo waccan shawara shi ne wani ciwo da ya daɗe yana cin mu. Mu malaman sakandare ne, kuma makarantar da muke koyarwa tana tsakiyar unguwannin ma'aikatan kamfani. A ajinmu akwai yaron da yake kwana yana aikin dare a kamfanin roba, gari ya waye ya zo yana gyangyaɗi a kan benci. Akwai yarinyar da mahaifinta ya yi shekara ashirin a masaƙa, aka rufe ta, har ya koma ga Mahaliccinsa bai ga kuɗin sallamarsa ba. Wata rana muka nemi mu karanta wa waɗannan yara labarin Hausa guda ɗaya tak wanda za su ga gidansu a ciki, wanda tauraronsa lebura ne mai shiga aiki da kati. Muka birkice kabad ɗin makaranta, muka birkice namu na gida, muka tambayi masu sayar da littattafai a kasuwa. Mun samu attajirai masu jerin motoci, mun samu 'ya'yan sarauta, mun samu matafiya Dubai da Landan. Lebura kuwa in ya fito, to, ƙofar gida yake buɗewa Alhaji ya wuce. Wanda ya san littafin da ya ƙaryata mu, ya aiko da sunansa, za mu saya da kuɗinmu mu kuma ba da haƙuri a wannan shafi.

To, alhali kuwa babu wani abu da ya sauya rayuwar talakan Kano cikin shekara sittin da suka wuce kamar Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun ga lokacin da jiniya ke kaɗawa, kekuna su cika titi daga Dakata da Kawaji da Tudun Wada da Gwagwarwa, wasu kuma daga Ja'en da Panshekara da Kumbotso. Mun ga masaƙar Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi da ta Bagauda ta Khalifa Isyaku Rabi'u suna aiki, ga majemu, ga kamfanonin matsar mai da na alewa da na kwanuka. Mun kuma ga yadda abin ya soma zubewa bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, aka ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, na Kano ma haka suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma rumbunan ajiyar kaya. Magidantan da aka sallama suka hau acaɓa, a 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin, suka sake komawa neman abin yi. Duk wannan a kan idonmu aka yi shi. Bature ne ma, Paul Lubeck, ya zo ya zauna da leburorin Kano a farkon shekarun 1970, ya bi diddigin yajin aikin da suka yi a 1971 kan ƙarin albashin Adebo, ya fitar da littafi sukutum a 1986 kan yadda almajirai da gardawa da manoman ƙauye suka rikiɗe suka zama ma'aikatan kamfani. Baƙo ya rubuta tarihin iyayenmu da Turanci, mu 'ya'yansu muna nan muna siffanta labulen falon Hajiya.

A nan ne Yahudawan suka shigo cikin maganar. Daga 1881 zuwa 1924 Yahudawa kimanin miliyan biyu suka baro ƙauyukan Rasha da Folan da maƙwabtansu, suna gudun talauci da kisan gilla, suka sauka Amurka. Da yawansu a ɗakunan ɗinkin birnin Niu Yok suka ƙare, suna taka keke daga asuba zuwa dare. Mutanen nan sun taso cikin karatun addini a gaban malami, sai ga su a hannun heluma da agogo. Ranar ibadarsu Asabar ce, kamfani kuwa yana aiki ranar Asabar, saboda haka kowane magidanci sai ya zaɓa tsakanin ibadarsa da tuwon 'ya'yansa. Harshensu na gida, wato Yidish, da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi kamar yadda muke rubuta ajami da baƙaƙen Larabci, kuma malamansu da 'yan bokonsu duk sun raina shi, suna ganin harshen mata ne da 'yan kasuwa. Jama'a, wa wannan ya yi muku kama da shi? Ashe ba gardin da ya baro tsangaya ya shiga Bompai yana rigima da tankifa kan lokacin sallar Azahar ba ne?

Bambancinmu da su shi ne su sun rubuta. Abraham Cahan, editan jaridar Forverts da aka kafa a 1897, ya fitar da tarin gajerun labarai a 1898, cikinsu har da na soyayya a ɗakin ɗinki. Anzia Yezierska, wadda ita kanta ta yi aikin ƙarfi a irin waɗannan wurare, ta fitar da nata tarin a 1920, ta cika shi da matan da ke fama da kuɗin haya da 'ya'yan da suka yi boko suka soma jin kunyar iyayensu. Kafin su, Sholem Aleichem ya ƙirƙiro Tevye mai sayar da madara, talaka mai yawan jawo nassi, wanda 'ya'yansa mata suka riƙa bijire wa al'ada ɗaya bayan ɗaya. Isaac Bashevis Singer ya sauka Amurka a 1935, ya ƙi sakin Yidish duk da cewa kisan ƙare-dangin da Hitila ya yi ya cinye miliyoyin masu jin harshen, ya ci gaba da buga labaransa a jarida, har ya karɓi kyautar Nobel a 1978. Da gajeren labari waɗannan mutane suka yi ta tambayar kansu: mutumin da ya aske gemu, ya yi aiki ranar Asabar, 'ya'yansa ba sa jin harshen kakanninsu, shin har yanzu Bayahude ne? Ba su daina tambayar ba har yau. Nathan Englander, wanda aka haifa a 1970, ya fitar da tarin labarai a 2012 inda a cikin na farkonsu ya zaunar da iyali biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya masu tsananin riƙo da addini daga birnin Ƙudus, ɗaya waɗanda suka saki a Amurka, ya bar su suna gardamar wane ne na gaske. Etgar Keret, haifaffen 1967, labaransa da yawa ba sa wuce shafi biyu ko uku, amma an fassara su cikin harsuna masu yawa.

Mu fa, wa zai yi mana tamu tambayar? A cikin ɗakin injin kamfani guda za ka tarar da Bakano da Bakatsine da Babarbare da Banufe da Igala da Tibi da ɗan ci-rani daga Maraɗi, mai kamfanin Kwara ne ko Ba'indiye ko ɗan Sin, kuma duk da Hausa ake ba da umarni, da ita ake zagi, da ita ake neman bashi. Yaron da aka haifa a Tudun Murtala, ubansa daga Binuwai, bai iya kowane harshe ba sai Hausa, shi wane ne? Ɗan majemin gargajiya da ya gaji jima da bagaruwa, yau yana jiƙa fata cikin sinadarin da ke cin tafin hannu, ruwan kuma ya gangara Salanta da kogin Chalawa ko Getsi da Jakara inda ɗan'uwansa ke ban-ruwan latas, me yake gaya wa kansa in ya kwanta? Matar aure da ta fita aikin tsintar leda saboda an sallami mijinta, yaya zaman gidansu ya koma? Wannan shi ne Bahaushen yau, kuma ba mu san shi a takarda ba.

Yanzu bari mu bi hujjojin 'yan'uwanmu ɗaya bayan ɗaya. Hujja ta farko ita ce Falasɗinu. Suna cewa yaya za mu karanta Yahudawa alhali ga abin da ake yi wa mutanen Gaza. Zuciyarmu tana tare da duk wanda aka rusa wa gida aka kashe wa 'ya'ya, kuma ba mu da abin da za mu kare gwamnatin Isra'ila da shi. Amma macen da ta mutu tana taka keken ɗinki a Niu Yok a 1911, me ya haɗa ta da gwamnatin ƙasar da sai a 1948 aka kafa ta? Ɗora laifin gwamnati a kan jinsi gaba ɗaya zalunci ne, kuma mu ne muka fi kowa kuka in an yi mana irinsa saboda aikin wasu 'yan ta'adda. Bugu da ƙari, Ghassan Kanafani, marubucin Falasɗinu da aka kashe da bam a Bairut a 1972, ai bai ƙi karanta su ba. Zama ya yi ya nazarci adabin 'yan Sahayoniya har ya rubuta littafi a kai. Shi kansa shahararren labarinsa na 1963 a kan 'yan ci-rani ne, mutum uku da suka ɓuya cikin tankin mota domin su tsallaka Kuwaiti neman aiki, zafi ya kashe su a ciki. Wanda ya fi Kanafani kishin Falasɗinu a cikinmu ya ɗaga hannu. Kakanninmu ma sun sayar wa Saul Raccah gyaɗa, Bayahuden Tarabulus da yake cikin manyan masu sayenta a Kano a shekarun 1930, ba mu kuwa ji an ce imaninsu ya zube a kan sikeli ba. Alhaji Abubakar Imam da muke alfahari da shi, ai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamusawa da na Indiya ya ɗebo da yawa daga cikin labaran Magana Jari Ce, ya sa musu riga da hula suka zama namu. Da ya ce ba ya karanta na wani, da me za mu koyar a aji yau?

Hujja ta biyu ita ce kasuwa. Ana cewa mai karatu soyayya yake so, ba ya son labarin wahala. Wannan gardama ta tsufa, tun lokacin da Malam Ibrahim Malumfashi ya yi wa littattafanmu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano a 1994 ake tafka ta, kuma mu ba ma cikin masu raina soyayya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu sun koya wa dubban mutane karatun Hausa fiye da yadda mu malamai muka iya. Tambayarmu ita ce, wa ya ce lebura ba ya soyayya? Labarin Malamud da aka hana mu karantawa, ai na soyayya ne. Wani mai gyaran takalma ne yake da 'ya ɗaya, burinsa ta auri ɗalibin jami'a. Yana da yaron shago, ɗan gudun hijira, mai sanƙo, wanda ya shekara biyar yana yi masa aiki a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ranar da yaron shagon ya ji maigidan yana haɗa 'yar da ɗalibi, sai ya yi fushi ya bar aiki. Sai daga baya uban ya gane cewa duk shekarun nan saboda yarinyar mutumin yake zaune. Ya ji takaici, ya ji tausayi, a ƙarshe ya ce masa ya ƙara jira shekara biyu. Da gari ya waye ya zo shago, ya tarar da shi yana dukan fata. Shafuka kaɗan ne, babu mota, babu jirgi, amma ga talauci, ga gudun hijira, ga burin uba, ga so. Wanne ne babu a Sharaɗa? Daɗin daɗawa, da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na A'isha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira, jama'a kuwa suka saurara. Ashe mai karatu bai ƙi gaskiya ba in an iya faɗarta.

Hujja ta uku ita ce tonon asiri. Ana cewa in ka rubuta cewa heluma Musulmi yana cin rabin kuɗin 'yan wucin-gadi, ko mai kamfani yana gina masallaci yana danne haƙƙin ma'aikata, ka ba maƙiya makami. Su ma Yahudawan an yi wannan da su. A 1959 Philip Roth ya buga labarin wani kurtun soja Bayahude da ke fakewa da addini yana neman alfarma wurin sajansa, shi ma Bayahude, har ya nemi a cire shi daga cikin waɗanda za a tura fagen daga. Malaman addininsu suka yi masa ca, a 1962 aka titsiye shi a bainar jama'a a Jami'ar Yeshiva. Littafin da labarin yake ciki ya ci babbar kyautar littafi ta Amurka a 1960, yau kuma jikokin masu zaginsa ne ke karanta shi a makaranta. Mun san tsoron marubucin Kano ba na banza ba ne, domin ba mu manta da littattafan da aka ƙona a 2007 ba. Amma ciwon da aka ɓoye shi ne ke ruɓewa. A ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a kamfanin ɗinki na Triangle a Niu Yok, ƙofa a kulle, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata Yahudawa da Italiyawa. Marubuta da 'yan jarida da ƙungiyoyin ƙwadago ba su bari an manta ba, har aka sauya dokokin aiki. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin sarrafa shinkafa a Chalawa suka fito da ma'aikata fiye da ɗari da aka tsare a ciki kusan wata uku lokacin kullen korona. Rediyo ta faɗa, aka yi kwana biyu ana jajantawa, shi ke nan. Me suka riƙa faɗa wa juna da dare? Wa ya ja su salla? Me matar ɗaya daga cikinsu ta gaya wa 'ya'yanta? Ɗan jarida ba zai iya shiga nan ba, aikin mai ƙaga labari ne, mu kuwa muka tsallake.

Hujja ta huɗu, wadda ta fi ba mu haushi, ita ce wai kamfanonin sun mutu, labarin ya wuce. Na farko dai ba duka suka mutu ba, majemu da kamfanonin roba da na shinkafa da na lemo suna nan suna ɗaukar ƙannenmu da ɗalibanmu. Na biyu, Singer ya rubuta mafi yawan labaransa ne bayan an shafe ƙauyukan da yake ba da labarinsu daga doron ƙasa, shi ya sa ma ya matsa. Dattawan da suka yi yajin aikin 1971 saura ƙalilan. In suka tafi da abin da ke cikinsu, jikokinmu za su wuce ta gaban katangun Bompai su ɗauka tun fil'azal rumbunan ajiya ne.

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuwa mai tsada ba ne. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su dawo da shawarar rabin awar nan, a karanta Malamud, a karanta Kanafani, a karanta na Masar da na Indiya da na Rasha, kowa ya ga yadda ake ɗaukar mutum ɗaya da matsala ɗaya a gama da su cikin shafi biyar. Muna roƙon Malam Edita ya ware fitowa guda ta wannan mujalla ga gajerun labarai a kan rayuwar ma'aikatan Sharaɗa da Chalawa da Bompai. Ku kuma matasa masu sha'awar rubutu, kafin ku ɗora alƙalami ku je ku zauna wurin mai shayin bakin ƙofar kamfani lokacin da 'yan dare ke fita 'yan safe ke shiga. Ku nemi tsohon ma'aikacin masaƙa a unguwarku, ku gaishe shi, ku tambaye shi sunan injin da ya yi aiki a kai, da nawa ne albashinsa na farko, da abin da ya saya da shi, da ranar da aka ba shi takardar sallama. Kada ku mai da shi waliyyi, kada ku mai da shi abin tausayi kawai, ku rubuta shi yadda yake, da bashinsa da barkwancinsa da budurwar da ya rasa. Mu ma ba mu tsame kanmu daga laifi ba, shekara da shekaru muna koyar da insha'i ba mu rubuta ko ɗaya ba, amma mun soma, kuma in Allah Ya yarda za mu miƙa namu tare da na ɗalibanmu biyu.

Ga ɗan'uwanmu da ya yi a'uziyya kuwa, ba mu riƙe shi a zuci ba. Mun fassara labarin mai gyaran takalman da hannunmu, shafi tara ne, za mu kawo masa a zama na gaba. In ya karanta ya ga abin da ya taɓa imaninsa, mu za mu fara yaga shi a gaban jama'a. In kuwa ya ga maƙwabcinsa a ciki, to, muna bin sa bashin labari guda.

Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan iyayenmu da suka ci guminsu.